Yadda na ɗora koren tuddan Adamawa a kan tebur don ɗan jirgin ƙasa

Shekara 16 ke nan ina zaune a Garwa, a arewacin Kamaru, amma a Ngaundere aka yanke mini cibiya, a unguwar Sabongari, inda in dare ya yi tsit kana jin kukan jirgi daga tasha kamar a bayan gidanku yake. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa da rahama, shanu yake lodawa a tarago zuwa Yawunde, kuma tun ina ɗan shekara bakwai nake riƙe masa buta da tabarma in raka shi tasha. Layin dogon nan ya iso Ngaundere a 1974, kuma a nan ya tsaya har yau. Garwa ba ta da shi, Marwa ba ta da shi, ƙasar Cadi ma gaba ɗayanta ba ta da layin dogo, kayan Njamena a Ngaundere ake sauke su daga jirgi a ɗora wa manyan motoci. Shi ya sa 'ya'yana da aka haifa a bakin Binuwai suka taso ba su san jirgin ƙasa ba sai a talabijin. Wata rana na yi wa ƙanena da ke aiki a Faransa wannan ƙorafi, bayan wata biyu sai ga wayarsa: "Yaya, na samo maka ɗan jirgin ƙasa na wasa a kasuwar gwanjo, ƙirar Jouef, da layinsa da taragu huɗu, na riga na sa a gidan waya." Daga nan aikin ya fara, ya ci mini wata 14. Mutum uku sun riga sun tambaye ni yadda aka yi, shi ya sa na zauna in rubuta shi daki-daki, musamman wajen zaɓen ƙasar da jirgin zai ratsa, wato tuddai da ciyayi da itatuwa, domin a nan na yi asarar kuɗi da lokaci mafi yawa.

Kwalin ya yi mako shida a hanya. Ranar da takardar sanarwa ta zo na ɗauka zuwa kawai zan yi in sa hannu in ɗauko kayana, ashe duk kwalin da ya fito daga waje sai ma'aikacin duwan, wato kwastan, ya buɗe ya gani. Na je ranar Litinin da hantsi, aka nemi katin ɗan ƙasa da kwafinsa da takardar sanarwar, duk ina da su, sai aka nemi rasit na kayan. Ba ni da shi, ƙanena bai sa ba tunda gwanjo ya saya. Ma'aikacin ya juya kan jirgin a hannunsa, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce shi ba zai iya yanka wa abu kuɗi da ka ba, in kawo shaidar farashi. Gaskiyarsa ce. Na koma gida, ƙanena ya ɗauki hoton takardar da mai sayarwa ya rubuta masa da hannu ya turo ta WhatsApp, yuro 60, na buga ta a takarda na koma ranar Laraba. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya hawa ba ya sauka, saboda haka kuɗin kayan ya kama sefa 39,000 da 'yan kai, ni kuma abin da na biya gaba ɗaya har da kuɗin ajiya ya kai 17,500. Na yi zaman awa biyu a kan benci ranar, amma da na fito da kwalin a rungume ban ji zafin ranar ba. Duk wanda za a aiko wa irin wannan kaya, ya ce a saka rasit a cikin kwalin tun daga can, a kuma rubuta a jiki cewa kayan wasa ne na hannu.

A jikin kwalin an rubuta HO. Wannan shi ne ma'aunin jirgin: kowane abu an rage shi sau 87. Mutum mai tsawon mita 1.75 zai koma santimita 2, sa ya koma kamar ƙwayar dabino. Tazarar ƙarafan layin milimita 16.5 ce, wadda take kwaikwayon layin Turai mai faɗin mita 1.435. Namu na Kamaru mita ɗaya cif ne, wanda ya dace da shi a wannan ma'auni shi ne layin milimita 12 da ake kira HOm, amma kayansa tsada gare su kuma ba su da yawa, sai na haƙura da wanda Allah ya ba ni. Na kai wa kafintan unguwarmu bayani, ya sayo allon katako guda, santimita 244 a 122, ya yi masa firam a ƙasa. Ƙafafun kuwa wajen mai walda na kai aka yi na ƙarfe saboda gara, wanda duk ya zauna a Garwa ya san abin da nake nufi. Tebur ya tashi a sefa 32,000. Na jingina shi da bango, kuma ba a yi kwana uku ba na gane kuskuren: hannun mutum ba ya wuce santimita 70 zuwa 75 in ya miƙa, saboda haka duk abin da ke rabin baya ba na iya taɓa shi. Sai da na koma wajen mai walda ya sa wa ƙafafun tayoyi, in zan yi aiki in jawo shi tsakiyar ɗaki.

A cikin kwalin akwai wata tsohuwar mujallar kayan jirgi, cike da hotunan duwatsun Suwizalan, kore shar kamar an zuba fenti, da itatuwa masu tsini da jirgi yana fitowa daga cikin dutse. Hoton ya shiga raina, ban tsaya tunani ba na ce wannan zan yi. Na tara kwalaye na gina tsauni mai tsawon santimita 50 a kusurwa, na lulluɓe shi da jarida da kullun rogo, na sayo koren kafet irin na masu kwalliyar biki mita biyu na manna a kai, na ɗaga layi ya hau santimita 15 cikin mita ɗaya domin ya zagaya tsaunin. Ranar gwaji yara sun taru, na kunna wuta, jirgi ya iso gindin hawan ya tsaya, ƙafafunsa suna juyawa a wuri ɗaya yana kuka. Na cire taragu uku, ya ɗan matsa ya sake tsayawa. Bayan mako biyu kuma kyankyasai da ɓeraye suka gano kullun rogon, suka huda tsaunin ta ciki. Abin da ya fi taɓa ni shi ne zuwan Kawu, ƙanin mahaifiyarmu, wanda ya yi shekaru yana rakiyar shanu a cikin tarago tare da Baba. Ya daɗe yana kallon teburin, sannan ya ce: "Ɗana, wannan wace ƙasa ce? Ni dai ban taɓa bi ta nan ba." Ba da raini ya faɗa ba, tambaya ya yi tsakani da Allah. A daren nan na kwance komai, wata uku da sefa wajen 20,000 suka tafi a banza.

Sai a lokacin na ɗauki biro da takarda, abin da ya kamata in fara yi. Ƙaramin jirgi irin wannan ba ya son hawan da ya wuce kashi 2 zuwa 3 cikin 100, wato santimita 3 a kowace mita, ni kuwa na ba shi 15. In ana son layi ya hau ya tsallake wani layin ta gada, ana bukatar tsayin kamar santimita 9, wanda ke nufin mita 3 na hawa da mita 3 na sauka. Kwanar layina mafi ƙanƙanta santimita 36 ce daga tsakiya, da'irarta mita 2.26, in an haɗa da miƙaƙƙun layuka biyu duk zagayen teburina bai wuce mita 5 da 'yan kai ba. Lissafin ya ƙi fita. Na kuma auna tsauni: tudu mai santimita 30 a tebur mita 26 ne kacal a zahiri, dutse mai mita 200 kuwa zai bukaci mita 2.3, ya kusa taɓa silin. Ma'ana manyan duwatsu ba sa shiga ɗaki, in ka matsa musu sai su fito kamar suri. Mafitar da na samu mai sauƙi ce, amma sai da na sha wuya na gan ta: a bar layi a shimfiɗe ba hawa ba sauka, a ɗaga shi gaba ɗaya santimita 10 sama da allo a kan katakai, sannan ƙasa ce za ta hau sama da shi a wani wuri, ta gangara ƙasa da shi a wani wuri. Ido zai ga jirgi yana ratsa tudu da kwari, injin kuwa a kan tabarma yake tafiya.

Saura tambayar Kawu, wace ƙasa ce. Na yi kwanaki ina auna wurare. Duwatsun Rumsiki a ƙasar Kapsiki sun fi ko'ina kyau a arewa, amma jirgi bai taɓa zuwa can ba, kuma mafi yawan shekara a bushe suke. Kurmin wajen Belabo kore ne ƙwarai, sai dai zai ci itatuwa ɗaruruwa, kuma jirgin zai ɓace a cikinsu, yara ba za su gan shi ba. Gangaren nan na hanyar Garwa zuwa Ngaundere da direbobi ke kira Falez ya yi tsayi da yawa. Abin da ya rage shi ne tudun Adamawa kansa, tsakanin Ngaundal da Ngaundere: tuddai masu laushin baya kamar tozon sa, ciyawa a buɗe, itatuwa jefi-jefi, kurmi siriri yana bin rafi a kwari. Irin wannan ƙasa tana shiga tebur ba tare da an yi mata ƙarya ba. Na kuma gane cewa zaɓen wuri kaɗai bai isa ba, sai an zaɓi wata. Adamawar watan Maris toka ce da ƙonannen daji, ta watan Mayu sabon tsiro ne gajere mai haske, ta watan Agusta kuwa ciyawa ta kai ƙugu, korenta ya yi duhu. Agusta na zaɓa, lokacin marka, domin ita ce ƙasar da nake gani in na rufe ido a cikin zafin bazarar Garwa.

Gani ya kori ji, sai na nemi hutun kwana huɗu na hau mota. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, kuma tun daga hawan Falez iska take canzawa, domin Ngaundere tana sama da mita 1,000 daga teku. Ga abin da ban yi la'akari da shi ba sai da na isa tasha: jirgin fasinja mai zuwa Yawunde, tafiyar kilomita 622, da yamma yake tashi, dare yake yi a hanya, saboda haka wanda ya hau shi don ganin ƙasa duhu kawai zai gani. Wanda ya taso daga Yawunde shi ne gari ke waye masa a kan tudun Adamawa. Wani dattijo mai sayar da goro a bakin tasha ne ya ba ni shawara, ya ce: "Alhaji, ka bi na dare ka sauka a Ngaundal, ka kwana, da asuba ka biyo mai dawowa, ka zauna kusa da taga." Haka na yi. Na sayi tikiti da rana da katin ɗan ƙasata a hannu, na yi sallar la'asar a kusa, na shiga da wuri. Kamfanin Camrail ne ke tafiyar da layin tun 1999. Kafin in ɗauki hoto a cikin tasha sai da na nemi izini, kuma ina ba kowa shawarar ya yi haka, tasha ba wurin ɗaga waya kai tsaye ba ce. A Ngaundal na kwana gidan wani abokin karatuna, bacci kaɗan na yi saboda kada jirgi ya wuce ni.

Safiyar nan ba zan manta da ita ba. Hazo kwance a kwaruruka kamar auduga, tuddai suna fitowa ɗaya bayan ɗaya, ni kuma na manne da taga da littafi a cinya. Na bi hanyar nan tun ina yaro, amma ban taɓa kallonta da idon mai son ya gina ta ba. Abu na farko da na rubuta: kore ba kala ɗaya ba ne. A saman tudu inda ƙasa ba ta da kauri ciyawa gajera ce, korenta ya ja zuwa rawaya. A gangare gamba ce doguwa, iska tana kwantar da ita tana nuna farin bayanta. A kwari, inda ruwa ke bi, koren ya yi duhu har ya kusa zama baƙi. Abu na biyu: jar ƙasa tana leƙowa ta ko'ina, a inda aka yanka tudu don layi ya wuce, a burtalin shanu, a bakin kwazazzabo, a jikin suri. Ita ce take sa koren ya fito. Na uku: itatuwa ba a jere suke ba, maje da namijin kaɗe ɗaya can ɗaya can, wani lokaci uku a cunkushe, sai kusa da ƙauye ka ga mangwaro mai duhu ya yi rumfa. Na huɗu, wanda ya fi ba ni mamaki: tudun da ke nesa ba kore ba ne sam, shuɗi-shuɗi ne mai toka, kuma duk wanda ya fi nisa ya fi dusashewa. Na kuma lura jirgi bai cika hawa tudu ba, zagaya shi yake yi, ko ya ratsa ta yanka, ko ya bi kan ƙasar da aka tara masa a kwari. Daidai da abin da lissafina ya ce. Na ɗauki hotuna sun fi 200, amma shafuka shida da na rubuta da hannu sun fi su amfani, domin waya tana ƙara wa kore haske. Kafin in juyo na sa ɗan yayata ya kai ni bayan gari a babur, muka cika leda uku: jar marmara, baƙar ƙasar fadama, da yashin rafi.

Ƙasar nan ba a zuba ta haka. Na shanya ta kwana uku, na tankaɗe da rariyar gari wadda na saya musamman don kada in shiga hakkin uwargida, sannan na soya ta a tsohon kasko kamar ana suyar gyaɗa, don ƙwari da irin ciyawa su mutu. Daga nan na naɗe maganaɗisun tsohuwar lasifika a leda na bi ta cikin garin, sai ga baƙin gari kamar kwalli ya manne. Ƙasa da yashi suna ɗauke da ɓurɓushin ƙarfe, injin jirgin kuma akwai maganaɗisu a cikinsa, in ba a cire ba zai zuƙe shi ya lalace. Tuddan kuwa da farin soson nan mai tauri da ke zuwa cikin kwalin firji da talabijin na gina su, masu shagon kayan wuta kyauta suka ba ni, har godiya suka yi da na raba su da shi. Na jera shi hawa-hawa da farin gam na kafinta, na soke da tsinken tsire, na sassaƙa da wuƙar burodi. Kada a kusanto da gam mai warin fetur ko fentin feshi, narkar da soson suke yi nan take, na gani da idona. A kai na shimfiɗa tsummokaran tsohon gidan sauro da na tsoma cikin filasta, wadda na saya kilo 5 wajen masu yin adon silin. Filasta tana kamawa cikin mintuna, a zafin Garwa ma ta fi sauri, saboda haka kofi ɗaya-ɗaya nake kwaɓawa. Tudu mafi tsawo santimita 28 na ba shi, a baya can hagu, na biyu 18, sai kwari da rafi a gaba inda ƙasa ta sauka ƙasa da layi, da 'yar gada. Layin ya shige bayan babban tudun ya ɓace na ɗan lokaci kafin ya fito, kuma wannan ɓacewar ita yara suka fi so. Da filastar ta bushe na shafe ta duka da fentin ruwa ja mai ƙasa-ƙasa, tun yana ɗanye na barbaɗa marmarar. Kafin ciyawa ko ɗaya ta hau, teburin ya riga ya yi kama da gida.

Ciyawa ta ci mini wata uku. Na fara da garin katako daga wajen kafinta, na tankaɗe, na raba kashi huɗu, kowanne na rina da fentin ruwa: kore mai rawaya, kore tsaka-tsaki, kore mai duhu, da kalar busasshiyar ciyawa. Kore na gwangwani shi kaɗai ya yi kaifi, sai an ɗiga masa ja ko ruwan ƙasa yake kwantawa. A inuwa nake shanya shi. Wajen mannawa, kashi ɗaya na farin gam, kashi uku na ruwa, da ɗigon sabulun wanke-wanke don ya ratsa, in shafa, in barbaɗa ta rariyar shayi, kala a kan kala, ina barin jar ƙasa tana leƙowa. Wannan ya ba ni gajeriyar ciyawa mai kyau, amma gamba ta ƙi fitowa, garin katako kwance yake ba ya tsayawa. A nan na sake roƙon ƙanena ya aiko mini da ciyawar roba ta kamfanin Noch na Jamus, 'yan siraran zaruruwa, wannan karon da rasit a ciki, kuma zuwa ɗaya na yi na karɓa. Na auna kafin in zaɓa: zaren milimita 2 ciyawa ce mai santimita 17, na milimita 6 ya kai santimita 52, na milimita 12 ya wuce mita ɗaya, shi ne gambar Agusta. Zaruruwan ba sa miƙewa sai da na'ura mai ba su caji, ita kuma ta fi ƙarfin aljihuna. Wani mai gyaran rediyo a kasuwa ya haɗa mini tawa da raket ɗin kashe sauro da rariyar shayi ta ƙarfe: waya ɗaya a rariyar, ɗaya a ƙusa da ake sokawa cikin ɗanyen gam. Kana girgizawa zaruruwan suna sauka a tsaye kamar an shuka su. Tana da ɗan harbi in an taɓa rariyar, saboda haka ba na barin yara kusa, kuma ina haɗa rariyar da ƙusar in sauke cajin kafin in ajiye. Leda huɗu suka ishe ni domin gangare da bakin layi kawai na sa wa.

Itatuwa da wayar wuta na yi su, mai siraran jan ƙarfe a ciki, in murɗa gindi in baza rassa, in shafa filasta da fenti. Ganyen kuwa tsohon soson katifa ne da na niƙa da ruwa a tsohon injin markaɗe na rina. Itace mai mita 12 santimita 14 ne a tebur. Guda 41 na yi, manya a gaba, ƙanana a baya, don nisa ya ƙaru a ido, na cunkusa masu duhu a bakin rafi. Bangon baya wani mai rubuta allon shaguna ya zana mini a sefa 6,000, na zauna kusa da shi da littafina ina roƙonsa ya rage kore ya ƙara toka. Da farko ya ƙi, ya ce: "Maigida, tudu ai kore ne." Da muka jingina allon a bayan teburin ya ja baya ya duba, shi da kansa ya ɗauki burushi ya ƙara dusar da na can ƙarshe. Shanun da ake sayarwa na Turai ne marasa tozo, sai 'yata ta biyu ta ɗora musu tozo da ɗigon filasta ta shafa musu ja da fari irin gudalin Adamawa.

Da hunturu ya shigo na ga wata matsalar da mujallun Turai ba su san da ita ba. Cikin kwana goma ƙura ta mayar da Agusta ta koma Janairu, jirgi kuma ya fara tsayawa domin layi ya yi datti, wutar volt 12 ba ta ratsa ƙura. Na sa aka yi firam mara nauyi da farar leda mai kauri da nake kifawa a kai, ina goge layi da tsumma da alkol na kantin magani kafin kowane kunnawa, ciyawar kuma in bi ta da burushi mai laushi. Na sa labule a tagar yamma saboda rana tana cinye fenti. Da bazara, da zafi ya haura 40, ƙarfen layi ya miƙe ya ɗan karkace a wuri ɗaya, sai na buɗe 'yar tazara kamar kaurin kati a mahaɗai uku, bai sake ba.

In na haɗa komai, ban da kuɗin jirgin da ƙanena ya biya, na kashe kusan sefa 165,000, kuma tafiyar Ngaundal da ta ci wajen 30,000 ita ce kuɗin da ya fi yi mini aiki. Da zan sake, da ita zan fara kafin in sayi ko ƙusa: in zaɓi wurin da na sani da watan da nake so, in je in kalla da littafi a hannu, in auna hawa da tsayin tudu a takarda, in shimfiɗa layi in bar jirgi ya yi mako guda yana zagayawa ba matsala, sannan in taɓa filasta. Kuma kowace kala zan fara gwada ta a kan guntun kwali a ƙarƙashin fitilar ɗakin, domin koren da ya yi kyau a tsakar gida yakan canza a ciki.

Kawu ya dawo Garwa bayan ƙaramar salla don ganin likitan ido. Da daddare na ɗage ledar na kunna jirgin ban ce masa komai ba. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ciyawar, ya bi jirgin da ido har ya shige bayan tudu, sannan ya nuna yankar jar ƙasar da sandarsa ya ce irin wannan wurin ne kafin a iso tashar Makor, inda shi da Baba suke leƙawa su duba ko akwai wani sa da ya kwanta a tarago. Ya zauna ya ba yara labarin tafiyar har ƙarfe goma sha ɗaya. Kafin ya tafi ya ce abu biyu suka rage, babu rugar Fulani a gefen tudun, kuma rafin ya yi fari da yawa, ruwan marka ja ne. Rugar na gama ta da zaren buhu makon jiya. Rafin nake kai yanzu, na kankare farin fentin, ina jiran shafin farko na jan ya bushe.